Gada a rufe, daji a rufe: ina motar 'yan makarantar Gene za ta nufa?

Makon jiya ina koya wa 'yan ajin CM2 taswirar ƙasarmu. Na iso kan gandun dajin W, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce: "Mushe, wai da gaske ne akwai giwaye nan kusa da mu?" Na ce da gaske ne. Ta ce: "Kai ka gan su da idonka?" Na ce na gani, ina daidai shekarunki. Sai ajin ya yi tsit, irin tsit ɗin da yara ke yi in suna zaton malam ya fara zuƙi ta malle.

Daga Gene zuwa Alfakwara, inda giwayen ke saukowa shan ruwa da rani, ba a yin awa guda a mota, kan kwalta kuma. Amma duk cikin yaran nan babu ko ɗaya da makaranta ta taɓa kai shi can. Ba Alfakwara kaɗai ba, babu inda aka taɓa kai su. Tun ranar nake ta juya maganar, don ni shaida ne cewa da ba haka abin yake ba.

Mu da muka yi firamare farkon shekarun 2000, motar wani Alhaji na Malanbil ce ta kai mu. Tsohuwar Coaster ce, fentinta ya koɗe, an rubuta addu'a a goshinta, ƙofarta kuwa sai karen mota ya sa kafaɗa take rufuwa. Alhajin motoci biyu gare shi, ba shi da ofis, ba shi da allon suna, sunansa shi ne kamfanin. Daraktanmu ya tarar da shi a tasha, suka yi ciniki a kan benci, aka ba da rabi, aka ce sauran sai an sayar da albasa. Ya ce ba komai. Direban ya san uban kowa a cikinmu, in ka leƙa da kai ta taga, ba sunanka zai kira ba, cewa zai yi "ɗan wane, in na gaya ma tsohonka!" Uwaye suka ƙulla mana ƙuli-ƙuli da garin rogo da sukari a leda. Sau biyu motar ta yi zafi, karen mota ya sauko da jarkar ruwa, mu kuma muna ta waƙa kamar ba abin da ya faru. Da la'asar sakaliya muka hau dandamalin kallo, aka ce kowa ya kama bakinsa, sai ga su sun fito daga cikin itatuwa, manya a gaba, ƙanana a tsakiya. Har yau ban karanta wani darasi a littafi da ya zauna mini a kai kamar wannan yammacin ba. Gani ya kori ji.

Irin waɗannan motoci su ne suka riƙe arewacin ƙasar nan, kuma da dalili. Jirgin ƙasan OCBN, wanda aka kafa da sunan Benin da Nijar, bai taɓa wuce Paraku ba. Kilomita 438 daga Kwatano, sai ya tsaya. Daga Paraku zuwa bakin kogi, fiye da kilomita 300, kowa ya san yadda zai yi da kansa. Iyayenmu sun hau bayan manyan motocin kaya, sun matsu cikin Peugeot 504 mutum tara har da goma. Ko dogon da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso, wanda aka yi ta murna za a haɗa shi da namu, can ya maƙale, ciyawa ta rufe shi. Don haka duk wanda ya yi karatu daga yankin nan, a kan taya ya yi shi. Taya ce ta kai shi jarrabawa, ita ta kai shi sakandare a Kandi, ita ta kai shi jami'ar Paraku ko ta Kalabi.

Daga baya manyan kamfanoni suka shigo hanyar. Ta ɓangaren Nijar akwai SNTV, da EHGM, da Aïr Transport, da Rimbo, suna tasowa daga Yamai da asuba, su bi Doso da Gaya, su tsallako gada, su ratsa ta gabanmu su nufi Kwatano. Muna yara da su muke gane lokaci: in kar ɗin Yamai ya wuce, to an kusa tashi cin abinci. Ta ɓangarenmu kuma aka yi zamanin Confort Lines da Intercity, sannan ATT da Baobab Express, wasu su tsaya Paraku, wasu su zarce arewa. Su ne suka koya mana tikiti mai lamba, da kujera ɗaya mutum ɗaya, da tashi kan lokaci ko mota ta cika ko ba ta cika ba. Wannan ba ƙaramin canji ba ne ga wanda ya saba zaman tasha tun hantsi har azahar ana jiran "saura mutum biyu".

Ni a irin wannan kar ɗin na fara ganin teku, lokacin ina makarantar horon malamai ta Kandi. Mun haɗa kuɗi mu ɗalibai, aka kai mu fadojin sarakunan Abome, aka wuce da mu Wida har Ƙofar Ba Dawowa. A hanya ne na fahimci ƙasar da nake shirin koyarwa: gonakin auduga na Alibori, da doyar Paraku zuwa Gilazuwe, da duwatsun Dasa, da inda kuka ke ƙarewa kwakwar manja ta fara. Mai tallan maganin gargajiya ya hau a wani gari ya yi ta zuba da Faransanci da Fon, muna dariya ba mu jin rabin abin da yake faɗa. Mu musulmin ciki muka haɗa azahar da la'asar a gefen wata tasha, abokanmu na kudu suna riƙe mana jakunkuna. Wani daga cikinsu ya ce mini shi da can ya ɗauka duk mai jin Hausa ɗan Nijar ne ko ɗan Najeriya. Zan dawo kan wannan magana, don ita ce ta fi damuna.

To me ya faru? Ba motoci ne suka ƙare ba. Motocin yau sun fi na da kyau nesa ba kusa ba, da na'urar sanyi, da wurin cajin waya, wasu ma ta waya ake sayen tikitinsu. Abin da ya ƙare shi ne wurin zuwa.

Mu fara da arewa. Tafiyar da ta fi kowace sauƙi ga makarantun yankin nan ita ce a kai yara Malanbil, su ga kasuwa, su ga fadamar shinkafa, su tsaya kan gada su kalli kogin Kwara, in an yi sa'a a tsallaka Gaya a sha fura a dawo kafin magariba. Yaro ya ga iyaka da idonsa, ya ga tuta biyu, ya gane cewa ƙanwar uwarsa da ke can hayin wata ƙasa take, ko da yake harshe ɗaya suke yi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe gadar. Ranar 24 ga Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, Benin ta buɗe nata gefen, amma hukumomin Nijar suka bar nasu a toshe da kwantenoni, suna cewa tsaronsu suke tsoro. Aka shiga rikicin bututun mai, har a watan Mayun 2024 namu hukumomin suka hana tsallaka kogi na wani lokaci. A Janairun 2025 Nijar ta fice daga CEDEAO gaba ɗaya. Ga shi mun shiga shekarar karatu ta 2025-2026, gadar na nan yadda take.

Kamfanonin sufuri sun sami dabararsu: kar ya sauke fasinja a Malanbil, a ɗauki kaya a ka zuwa bakin ruwa, a shiga kwale-kwale, a hayin Gaya a hau wani kar ɗin. Ɗan kasuwa zai iya, mai zuwa gaisuwar mutuwa dole ya iya. Amma wane darakta ne zai sa hannu a zuba yara hamsin cikin kwale-kwale, babu rigar ruwa, a kogin da ke cika ya batse? Abin da ke ba ni takaici shi ne, ɗanyen man da ake haƙowa a Agadem yana bin bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000, ya ratsa ƙasarmu har tashar Seme, ba wanda ya tare shi yanzu. Mai yana da hanya, yaro ba shi da ita.

Yamma kuma, hanyar da ta rabu daga nan Gene ta nufi Karimama ita ce ƙofarmu ta shiga gandun W, dajin da muka haɗa da Nijar da Burkina Faso, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya tare da Arli da Penjari a 2017. A watan Fabrairun 2022 nakiyoyi suka tashi da masu gadin dajin, mutum tara suka rasu. Ranar 8 ga Janairun 2025 aka kashe sojojinmu 28 a wurin da iyakokin ƙasashen uku suka haɗu. A harin ranar 17 ga Afrilun 2025 kuma, gwamnati da bakinta ta ce an kashe 54, a can da kuma wajen magangarar ruwan Koudou. Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu. Koudou ɗin nan fa sunansa na cikin littafin da nake koyarwa, a matsayin wurin yawon buɗe ido. Ina karanta wa yara shi a aji, su kuma a rediyo suka san shi, da wata ma'ana daban. Alfakwara tana kan babbar hanya, ba cikin tsakiyar dajin take ba, amma ka je ka gaya wa uwa haka. Da ta ji "daji" magana ta ƙare, kuma ban ga laifinta ba.

Saura kudu. Kudu a buɗe take, sai dai kuɗi da tsoro.

Kuɗi tukuna. Ƙananan motocin haya na yankin nan da kpayo suke rayuwa, man Najeriya da ake sayarwa a kwalabe bakin hanya. Da Shugaba Tinubu ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, cikin 'yan kwanaki kwalbar ta kusa ninka kuɗinta. Wata biyu bayan haka aka rufe gada. Duka biyu a kan mutum guda suka faɗa, wato mai mota ɗaya ko biyu da ke jigila tsakanin Malanbil, Gene da Kandi: mai ya yi tsada, fasinja ya ragu, don kasuwar Malanbil da mutanen hayi take cika. Wasu sun sayar, wasu sun koma babur mai ƙafa uku suna ɗaukar kaya zuwa bakin ruwa. Irin Alhajin da zai ce "sauran sai an sayar da albasa" ya yi wuyar samu, ba don mutane sun lalace ba, don wanda ke bin bashin taya ba ya ba da bashin tafiya. Babban kamfani kuwa yana iya ba ka hayar kar sukutum, amma sai ka biya lakadan, kuma lissafinsa ba na ƙauye ba ne: kar ɗin zai taso daga wani gari ya zo ya ɗauke ka, kai za ka biya zuwansa da komawarsa. Mu a Gene, ga manyan kamfanoni, wurin wucewa ne. Daga nan zuwa Kwatano kusan kilomita 700, kwana biyu a hanya zuwa da dawowa, ga masauki ga abinci. Uban da ke da yara huɗu a makaranta, wanda shanunsa ba sa samun mai saye daga hayi kamar da, me za ka ce masa?

A 2022, lokacin da aka baje kayan sarautar Abome 26 da Faransa ta maido, a fadar shugaban ƙasa a Kwatano, shiga kyauta ce. Mun ga hotunan 'yan makarantun kudu cikin kakinsu sun yi layi. Kyauta ce ga wanda ke kusa. Mu kuɗin ƙofarmu shi ne kilomita 700 ɗin nan.

Sai tsoro. Ranar 29 ga Janairun 2023 wani kar da ya taso daga Paraku ya yi karo da babbar mota a Dasa, ya kama da wuta, fiye da mutum 20 suka ƙone. A tsakiyar Agustan 2025 wani kar da ya fito daga Lome ya nufo arewa ya faɗa kogin Weme daga kan gadar Tiyo cikin dare, gommai suka rasu, mafi yawansu masu komawa Nijar. Kusan kowa a nan ya san wanda ya san wani a cikinsu. Hanyar ɗaya ce, RNIE 2, ita ce dai ta ratsa ƙofar makarantarmu. Da na fara kawo maganar fita da yara a taron iyaye, wani dattijo ya ce mini: "Malam, wanga zance naka mai kyau ne, amma ni ɗiyata ta zamna gida da jahilcin giwa, ya fi mini in je Weme neman gawa." Ban sami abin ce masa ba a ranar.

A nan ne nake rabuwa da wasu abokaina da muke hirar da. In an zauna ana tuna motocin Alhazai, sai ka ji kamar zamanin ba shi da aibi. Mu faɗi gaskiya. Coaster ɗin da ta kai mu Alfakwara, kujerunta ba su kai talatin ba, mu kuwa mun haura hamsin. Ba na jin wani ya tambayi takardar inshora, ko ya duba birki, ko ya tambayi direban awa nawa ya yi barci. Allah ne ya tsare, ba dabararmu ba. Yau da za a kawo mini wannan motar a ce in zuba ajina, wallahi ba zan yarda ba. Abin da na yi kewa ba motar ba ce. Amanar ce: mai mota da ya san iyaye, iyaye da suka san mai mota, da gari da ya ɗauki fitar yara a matsayin aikinsa, ba aikin malam shi kaɗai ba. Manyan kamfanoni sun kawo tsari, ƙananan sun tafi da amana, mu kuma muka zauna tsakani ba mu riƙe ko ɗaya ba.

Bari in koma kan abokina na kudu da ya ɗauka duk Bahaushe baƙo ne. Mu Hausawan yankin nan tsiraru ne, muna zaune cikin 'yan uwanmu Dendawa, Fulani, Mokole da Bargawa, kakanninmu sun zo fatauci da malanta tun kafin a ja layin iyaka. A irin wannan lokaci da ake zaman ɗar-ɗar, wanda ke jin Hausa ko Fulatanci a shingen bincike ya san irin kallon da wani lokaci ake yi masa. Yaronmu da ke tashi yanzu, rediyon da yake ji na Hausa ne daga waje, fim ɗinsa na Kano, kuɗin da yake gani har da naira ta hanyar Madekali da Lolo. Benin a wurinsa ita ce tutar da ake ɗagawa ranar Litinin da sojan da ke wucewa a mota. In bai taɓa zuwa Paraku ba, bai ga jami'ar da aka buɗe tun 2001 don 'ya'yan arewa ba, bai taɓa cin abinci kwano ɗaya da yaron Bohikon ba, da me zai ji ƙasar tasa ce? Su kuma na kudu da me za su san shi? Masu ɗauke da bindiga a daji da irin wannan yaron suke neman yin magana, wanda ya ji ba shi da kowa a ƙasarsa. Ba na cewa fita yawon makaranta ita ce maganin ta'addanci, kar a yi mini fassara. Ina dai cewa gwamnatin da ta girke dubban sojoji a arewa ƙarƙashin shirin Mirador, ya kamata ta lissafa kuɗin kar guda na 'yan makaranta cikin kuɗin tsaro.

Kuma ba sabon abu ake nema ba. Tun 2017 gwamnati ta faɗaɗa ciyar da yara a makarantun firamare, kowa ya ga yadda hakan ya riƙe yara a aji, musamman mata. Wanda ya iya kai buhun shinkafa da mai kowace makarantar ƙauye zai iya tsara fita ɗaya a shekara ga 'yan CM2. Ofishin magajin garin Malanbil na da gundumomi biyar: Malanbil, Gene, Garu, Madekali da Tumbutu. Da zai yi yarjejeniya ɗaya da kamfani ɗaya, a haɗa makarantu uku-uku a kar guda, farashin ba zai zama wanda darakta ke samu shi kaɗai ba. Kamfanonin ma riba ce gare su, don ɗan CM2 na yau shi ne fasinjan jami'a nan da shekara bakwai.

Kafin nan, akwai abin da ke hannunmu. Ba dole sai teku ba. Kandi na nan, awa ɗaya da 'yan mintoci, da masana'antar gurzar auduga, da fadar Saka, da makarantar horon malamai da na fito. Yaron da ubansa ke noman auduga bai taɓa ganin inda take zuwa ba bayan an auna ta. Fadamar shinkafar Malanbil na nan, da injinan da ke jan ruwa daga kogi, darasin kimiyya ne a tsaye. Gadar ma ana iya hango ta daga gefenmu, a gaya wa yara dalilin da ya sa ba mota a kanta, wannan ma karatu ne. Sharuɗɗan kuwa a rubuta su, a karanta a gaban iyaye: tafiyar rana kawai, a dawo kafin magariba, yaro ɗaya kujera ɗaya, a ga takardar inshora da ta binciken lafiyar mota ta CNSR da ido, ba a ji da baki ba, a sanar da hukumar ilimi da 'yan sanda hanyar da za a bi, in sun ce a dakata a dakata, uwaye biyu da uba biyu su shiga motar. In mai ƙaramar mota na gari ya cika waɗannan, shi ya fi cancanta a ba, don kuɗin ya zauna a gida.

Na koma wurin dattijon nan bayan sallar Juma'a da wannan tsari a rubuce. Ya sa jikansa ya karanta masa, ya yi shiru, sannan ya ce: "Kandi dai? Da rana?" Na ce Kandi, da rana. Ya ce: "In ni za a sa cikin masu rakiya, sai mu gani." Ƙungiyar iyaye za ta zauna kan maganar bayan an ɗebe auduga, lokacin da kuɗi ke shiga hannu. Yarinyar da ta yi tambaya kuwa na gaya mata gaskiya, bana ba giwa. Ta ce to injin audugar, shi ma babba ne?